Wasa Ɗaya Ya Ishe Ni Hutu

Tun watan Afrilun 2024, lokacin da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na birnin Niyok, majalisar 'yan ces ta makarantar nan ta cika maƙil. Da can mu shida ne ko bakwai muke zagaye allo ɗaya bayan La'asar, yanzu kuwa sai ka bi layi. Abin farin ciki ne. Sai dai kusan duk sabon da ya zo, tambayarsa ɗaya ce: "Don Allah wane buɗi zan haddace?" Wayarsa cike da bidiyon tarkuna, wannan na kashe sarki a motsi huɗu, wancan na sace sarauniya a motsi bakwai. Ni kuma amsata ba ta canzawa: zaɓi wasa ɗaya na manyan gwanaye, ka zauna da shi har sai ka san dalilin kowane motsi. Yawanci sai a yi dariya, a ce rowar ilimi nake yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda na samo amsar nan, a kan hanyar Hunkuyi zuwa Makarfi zuwa Ikara.

Ga wanda bai taɓa zama gaban allon ba, ga shi a taƙaice. Gidaje 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lamba daga 1 zuwa 8, saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar c4 ko e6. Kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16, kuma mai farare ne ke fara motsi. Mu dai a majalisarmu ga yadda muke kiran su: sarki, sarauniya, soro biyu masu tafiya a miƙe, giwa biyu masu tafiya a karkace, doki biyu masu tsalle, sai dakaru takwas a sahun gaba. Buɗi kuwa shi ne motsin farko-farko, goma zuwa goma sha biyar, inda kowa ke fito da rundunarsa, yana neman riƙe tsakiyar allo, yana kuma nema wa sarkinsa mafaka.

A ƙarshen zangon da ya wuce aka sanar cewa da an dawo hutu za a yi gasar tantancewa, a ɗebi mutum huɗu da za su wakilci makaranta, har da fatan zuwa wasannin NIPOGA. Mu goma sha wani abu ne muke neman gurbin. Wasu daga cikinmu gidajensu na cikin Kaduna ko Zariya, akwai wuta gwargwado, akwai kuɗin data, suna iya kwana suna bugawa a Lichess da Chess.com. Ni kuwa Hunkuyi zan koma, hutun kuma ya faɗo daidai lokacin saran rake. Da safe ina gona tare da Baba, waya sai an kai shagon caji, data kuwa ta duba sakamakon jarabawa ce kawai. Na san idan tseren yawan bidiyo za a yi, an riga an bar ni a baya tun kafin a fara.

Wani abokina ne ya ba ni labarin wani tsohon malamin lissafi a Ikara, wanda ya yi ritaya, ya kuma koyi ces tun yana ɗalibi a Samaru. Ranar wata Asabar na hau mota zuwa Makarfi, daga nan na sake wata zuwa Ikara. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Allah gafarta Malam, so nake ka koya mini buɗi kamar guda biyar kafin hutu ya ƙare."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, mako nawa ne hutun?"

"Shida, Malam."

"To wasa ɗaya zan ba ka. In ka gama da shi kafin mako shida, ka dawo in ƙara maka."

Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu, ya sa na kwafe motsi 41 a littafin rubutuna. Sannan ya kafa mini sharuɗɗa uku. Na farko, a gefen kowane motsi in rubuta da Hausa abin da mai motsin yake so da abin da yake tsoro. Na biyu, kada in tambayi kwamfuta sai na gama rubuta nawa. Na uku, ba caca, kuma in an kira salla a bar allo yadda yake. Kafin in tashi ya ce kada in ɗauka wasan na Turawa ne su kaɗai. Daga Indiya ya faro, ya bi ta Farisa ya shiga ƙasashen Larabawa da sunan shaɗaranji. A Bagadaza, gwanaye irin su As-Suli, wanda ya rayu a ƙarni na 10, sun yi rubutu a kan tsare-tsaren buɗe wasa da suke kira ta'abiya, wato jera runduna. A Borno ma an taɓa buga wani nau'insa mai suna tsatsarandi. Ya ce in lura da kalmar nan ta jera runduna, don ita ce ma'anar buɗi.

Wasan da ya ba ni shi ne na 6 a karawar neman kambun duniya ta 1972, a Reykjavik babban birnin Aisland, tsakanin Bobby Fischer na Amurka da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet. Tun 1948 kambun yana hannun 'yan Sobiyet, ga shi ana tsakiyar yaƙin cacar baka, don haka duniya duka ta zuba ido. Spassky ya ci wasan farko, Fischer ya ƙi zuwa na biyu aka ba Spassky, sannan Fischer ya farfaɗo har suka yi kunnen doki. Ranar 23 ga Yuli suka zauna wasa na 6 kowa da maki biyu da rabi.

Da na koma gida na zana allo a bayan kwali, na tara marafan kwalba na rubuta musu sunaye. Ƙanwata ce ke riƙe littafi tana karanto mini motsin Spassky bayan Isha'i, muna haska fitilar waya.

Fischer ne ke da farare. An san shi da fara wasa da dakaren gaban sarki zuwa e4, kusan duk rayuwarsa haka yake buɗewa. Ranar sai ya tura dakaren c zuwa c4. Spassky ya amsa da e6, Fischer ya fito da doki f3, Spassky ya kafa dakare a d5, Fischer ya kafa nasa a d4. Cikin motsi uku sun shiga buɗin da ake kira Queen's Gambit ta ƙofar baya. Ma'anarsa fari yana yi wa baƙi tayin dakaren c4: in ka ci, dakarenka ya bar tsakiya, ni kuma in mamaye ta. Spassky bai karɓi tayin ba, ya bar dakaren e6 yana tokare da na d5. To amma komai da farashinsa. Dakaren nan na e6 ya toshe wa giwarsa ta c8 hanya, ta zama kamar amaryar da aka kulle a ɗaki. Kwana uku na yi kafin in gane cewa duk rigimar motsi goman farko a kan giwar nan ake yin ta.

A motsi na 7 Spassky ya tura dakare b6 don ya buɗe mata taga ta b7. Wannan tsari ana danganta shi da Savielly Tartakower, kuma cikin waɗanda suka inganta shi har da Igor Bondarevsky, kocin da ya raka Spassky har ya ci kambun duniya a 1969. Wato dai Fischer ya shiga gonar Spassky ne da gangan. Nan take ya ci d5 da dakarensa, aka yi musayar giwa da giwa, doki da doki, a motsi na 10 dakaren Spassky na e6 ya koma d5. Da na kalli allon sai na ga abin da ya faru: tagar b7 ta zama banza, domin ko giwar ta leƙa ta nan, bayan dakarenta na d5 kawai za ta gani. Dole ta fita ta e6. Fischer ya aza soro a c1 yana hararar dakaren c7 da aka bari a baya. Spassky ya san in ya bar shi nan zai zama abin duka, sai ya tura shi c5 a motsi na 12.

Motsi na 13 ne ya fara hana ni barci. Fischer ya janye sarauniyarsa daga a4 zuwa a3, taki ɗaya kacal, a gefen allo. Na rubuta "me ya sa?" na ja layi biyu a ƙarƙashi. Washegari ina cikin ɗaure rake amsar ta faɗo mini. Daga a3 akwai layin karkace da ya bi ta b4, c5, d6 har e7, inda sarauniyar Spassky take zaune ba mai gadinta. Dakaren c5 ne kaɗai a tsakaninsu. Da zarar ya gusa, an cinye ta. An ɗaure shi ke nan ba tare da an taɓa shi ba. Wallahi daɗin da na ji a gonar nan, ko sakamakon tes bai taɓa ba ni irinsa ba.

Daga nan sai ido ya buɗe. A motsi na 14 Fischer ya kai giwa b5 don ya takura wa dokin Spassky da bai fito ba. Spassky ya kore ta da dakare a6. Fischer ya yi kamar bai gani ba, ya ci c5, ya kuma shigar da sarkinsa mafaka, giwar na nan tsaye a bakin dakare. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai sai ya cinye ta kawai." Na ce ta gwada. Tana ɗaga dakaren a6 sai ga layin a ya buɗe daga sarauniyar Fischer har soron a8, wanda dokinsa ya tare masa mai gadi. Ɗauri na biyu ke nan. Sai da Spassky ya matsar da soron zuwa a7 sannan giwar ta koma e2. A motsi na 18 Fischer ya sake dasa doki a d4, daidai bakin dakaren c5, don ya san ɗaurin farko yana nan.

Zuwa lokacin Spassky yana da dakaru biyu kafaɗa da kafaɗa a c5 da d5, babu ɗan uwansu a layin b, babu a layin e. Malam yana kiran su tagwaye marasa dangi. Muddin suna jere, ƙarfi gare su, don sun tsare gidaje huɗu a gabansu, daga b4 zuwa e4. Matsalarsu ba dakaren da zai kare su, sai manya su bar aikinsu su zo gadi. A motsi na 19 Fischer ya ba da dokinsa ya ɗauke giwar e6, dakaren f na Spassky ya dawo e6, kai ka ce ya yi wa tagwayen gata ne ya samo musu ɗan uwa. Sai a motsi na 20 ya tura dakare e4 ya daki d5. Spassky ya zaɓi ya wuce gaba zuwa d4.

A daidai wannan wurin na tsaya mako guda, kuma a Makarfi aka warware mini shi. Ina da kawu a can, dillalin rake ne, kuma duk yammacin duniya yana gindin wata bishiya kusa da kasuwa yana dara. Darar gida 30 suke yi, ramuka shida sau biyar a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa. Da farko ana zuba su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku a lokacin zubi ba. In an gama sai a fara ja, duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. Kawu bai san ces ba, bai ma damu ya sani ba. Da na biya ta wajensa a hanyar Ikara ya ga kwalina sai ya yi dariya.

"Ɗan boko, darar taku har da sarauniya?"

Na shimfiɗa masa matsayin motsi na 20, na nuna masa yadda dakare ke tafiya da yadda giwa ke tafiya. Ya yi shiru yana tauna rake. Can ya sa tsinke ya nuna c4.

"Wannan ɗan da ya matsa gaba, yana iya komowa?"

"A'a Kawu, dakare ba ya ja da baya."

"To ai ya bar rami a bayansa. Wa ke da abin zama a ramin?"

Na duba. Giwar Fischer ta e2 tana tafiya ne a kan fararen gidaje, c4 kuma fari ne. Giwar Spassky da za ta yi mata gardama a kai ita ce aka ɗauke a motsi na 19. Ashe musayar nan da ta yi kama da kyauta shiri ne na wannan ramin. Kawu ya ce su ma a dara haka ne, a zubi ake cin wasa, ja kawai bayyana shi yake yi. Gwani ba ya zuba ɗa don ya ga wani ya zuba a nan jiya. Yana zubawa ne yana kallon gidan da zai buɗe bayan ja biyar. Ya ce yara masu kwaikwayon zubinsa suna nan da yawa, amma da ya sauya ɗa ɗaya sai ka ga sun rasa gabas.

Ragowar wasan ya bi ramin nan kamar ruwa ya samu gangare. Fischer ya tura f4 da e5, giwa ta zauna c4 a motsi na 23 tana kallon e6, sarauniya ta tsallaka h3 ita ma tana kallon e6. A motsi na 26 ya fasa da f5, soraye biyu suka hau layin f, dakarensa ya kai e6 a motsi na 31. Daga motsi na 32 zuwa na 36 zakaran duniya ba abin da yake yi sai kai sarauniya e8 ya dawo da ita d8, don duk abin da ya taɓa wani abu zai zube. A motsi na 38 Fischer ya ba da soro ya ɗauke dokin da ke gadin sarki, a na 41 ya ajiye sarauniya a f4, Spassky ya miƙa wuya. 'Yan kallo suka tashi suna tafi, Spassky da kansa ya taya su. Karon farko ke nan da Fischer ya shiga gaba a karawar, wadda ya ƙare da maki 12 da rabi, Spassky na da 8 da rabi.

A mako na biyar na kai wa Malam littafina, shafi goma sha ɗaya. Ya karanta a hankali, ya gyara wurare biyu, sannan ya mayar da allonsa zuwa motsi na 14.

"Ɗana, giwar nan ta b5, Fischer ne ya ƙirƙiro ta?"

Na ce haka nake zato. Ya girgiza kai. Ya ce a 1970 Semyon Furman ya buga wa Efim Geller wannan motsin ya kuma ci shi. Geller ya koma gida ya zauna da kayen da ya sha har ya samo magani: maimakon a kori giwar da a6, sai a kawar da sarauniya daga e7 zuwa b7. Ɗauri ya kwance ke nan. In fari ya yi kwaɗayi ya cinye dakaren c5, baƙi zai fito da doki a6, a yi musaya, sarauniyarsa ta zauna a layin karkace da ya hana sarkin fari shiga mafaka. An ba da dakare ɗaya, an bar sarki a tsakar gida. Abin mamakin shi ne Geller yana cikin masu taimaka wa Spassky a Reykjavik, kuma an ruwaito cewa ya nuna masa wannan maganin kafin karawar. Spassky bai buga shi ba. Shekara ɗaya bayan haka, a 1973, a garin Hilversum na ƙasar Holan, Jan Timman ya maimaita motsin Fischer a gaban Geller. Geller ya kai sarauniya b7 ya ci wasan.

Malam ya ce in yi tunani a kan wannan. Magani ɗaya, mutum biyu. Wanda ya sha kaye ya nemo shi da guminsa, da lokaci ya yi hannunsa ya kai kansa. Wanda aka nuna wa, duk da shi ne zakaran duniya, ranar da ake bukata abin bai zo masa ba. Ya ce ilimin aro kamar rigar aro ne, ranar biki mai ita ke zuwa karɓa.

Sai a ranar ya yarda muka buɗe Stockfish a wayata. Na'urar ta nuna motsin da ta fi so a kowane wuri, da lambobi a gefe. Da a makon farko na buɗe ta, da lambobin kawai zan kwafa. Yanzu kuwa duk inda ta saɓa da ni ina da tambayar da zan yi mata, don ina da nawa ra'ayin a rubuce.

Da aka dawo makaranta labari ya riga ya bazu cewa wane ya ƙare hutunsa a kan wasa ɗaya. An yi ta tsokanata a hostal, har ana kirana Na-Reykjavik. Gasar zagaye biyar ce, minti 30 kowane ɓangare, da agogon waya. Na ci biyu na faɗi ɗaya, sai a zagaye na huɗu aka haɗa ni da wanda duk muka san ya fi mu, wani ɗan ajinmu mai kaifin hadda, wanda zai iya karanto maka motsi ashirin na buɗi goma ba tare da ya kalli allo ba. Ni ke da farare. In na faɗi, gurbin ya tafi.

Na fara da c4. Ya amsa nan take, yana murmushi. Muka bi sawun Fischer da Spassky tiryan-tiryan, shi ko daƙiƙa biyar ba ya ɗauka. Tun a motsi na 7 na gane ya shirya mini. Ya san wasan da na karanta, ya nemo maganin Geller a intanet, yana jiran giwata ta taka b5. Da muka kai motsi na 14 har hannunsa ya fara matsawa kusa da sarauniya. Sai na ajiye giwar a e2.

Motsi ne mai sanyi, sananne, ba ya ba fari wata riba ta a zo a gani. Na zaɓe shi ne don na san abin da nake nema a wasan: ɗaurin c5 yana nan, tagwaye za su fito, aikina in matsa musu har ɗaya ya gusa. Shi kuwa abin da ya haddace amsa ce ga tambayar da ban yi ba. Ya yi minti tara yana kallon allo. Ba wai ya rikice ya zubar da wasa ba ne, gwani ne, ya kare kansa da kyau. Amma da matsi ya yi yawa agogonsa kuma ya yi ƙasa, sai ya tura dakaren d gaba don ya sami sarari. Ban yi dogon lissafi ba, tsinken Kawu kawai na tuna. Giwata ta zauna c4, bayan musaya na sami dakare ɗaya, muka ja har motsi hamsin da wani abu kafin ya miƙo hannu. A zagayen ƙarshe na yi canjaras, na samu gurbi na huɗu. Shi ya ci sauran wasanninsa duka, shi ne na ɗaya, kuma ya cancanta.

Ba cewa nake hadda ba ta da amfani ba. Mu da muka taso da allo da tawada mun san darajarta, kuma manyan 'yan ces na duniya suna haddace layuka masu tsawon gaske. Amma su suna haddace abin da suka riga suka fahimta ne, don su rage ɓata lokaci. Mu kuma sau da yawa muna haddacewa ne don mu tsallake fahimtar. Duk wanda ya taɓa haddace amsoshin tsofaffin tambayoyin jarabawa, ya shiga aji ya tarar malami ya sauya lamba ɗaya a tambaya ta uku, ya san yadda minti taran nan suke. Da yawa daga cikin kariyobar da ake kuka da ita a makarantar nan daga irin wannan wurin take farawa.

Ga mai son gwadawa, abin ba ya cin kuɗi. Nemi wasa ɗaya na gasa wanda aka buga da buɗin da kake so, ka kwafe shi da hannunka. Buga shi a kan allo na gaske, ko na kwali ne, don hannu yana riƙe abin da ido ke mantawa. Rufe motsi na gaba da takarda ka fara cankar abin da za ka yi kai, sannan ka duba. Duk inda aka bar wani ɗa a bakin ci ba a ci ba, tsaya nan, akwai dalili, kada ka wuce sai ka samo shi. Rubuta dalilin da harshen da kake tunani da shi. Bayyana wa wanda bai iya ba, ƙanwarka ko kawunka, don tambayarsu ta fi ta gwani tona asiri. Nemi wanda ya zo daga baya ya gyara wa wanda aka ci kuskurensa. Kwamfuta ta zo a ƙarshe.

Bayan gasar, abokin nan nawa ya zo ɗakinmu ya ce in ara masa littafin. Ya dawo da shi bayan kwana huɗu da tambayoyi a gefen shafi, biyu daga ciki har yau ban amsa ba. Mun yi shawara hutu mai zuwa wasan Timman da Geller za mu ɗauka, ni in zauna ɓangaren baƙaƙe, shi farare, mu haɗu a Ikara mako na uku mu kai wa Malam. Duk ɗan Kudan, Makarfi ko Ikara da ke son shiga, ya same mu a majalisa bayan La'asar kafin a tafi hutu, ya zo da littafin rubutu sabo da biro.